Abin da Bakina Ya Jawo a Bin Omran

Tun da na dawo daga Doha abokan aikina a jami'a ba su bar ni na sha shayi cikin natsuwa ba. Duk wanda ya ja kujera sai ya ce, "Malam Auwalu, ba mu labarin ƙasar Larabawa mana." Ni kuma sai in ce akwai zafi, akwai dogayen benaye, in nuna hoton da na ɗauka a bakin teku, in sauya magana. Ba rowar labari nake yi ba. Labarin ne ba ya faɗuwa a teburin mai shayi, domin ban fito da kyau a cikinsa ba. Yanzu na ga gara in rubuta shi gaba ɗaya in huta. Na sauya sunayen mutane da wasu abubuwan da za a iya gane su da su, kuma sai da na nemi izinin wanda abin ya fi shafa. In kun karanta za ku ga dalili.

Ba yawon buɗe ido ya kai ni ba. Ƙanena Mustafa yana aikin gadi a wani kamfani a can. Motar da ke kai su aiki ta yi hatsari, ya samu karaya a cinya da hannun dama. Aka yi masa aiki a asibiti, aka sallame shi ya koma ɗaki yana jinya. Kullum muka yi waya sai ya ce, "Yaya, kada ku damu, akwai wani abokina da ke kula da ni." Hajiyarmu ta ce ita ba ta yarda da fuskar da ake gani a waya ba, sai wani ya je ya taɓa shi da hannu. Da yake muna hutun ƙarshen zango, ni aka ɗora wa tafiyar.

Daga garinmu na shiga motar haya zuwa Kano. Hajiya ta cika mini jaka da kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa, yaji, kilishi, da man shanu a wata roba da ta rantse ba ta yoyo. Kafin mu yi rabin hanya rana ta narkar da man a but ɗin mota, ya bi ta cikin jakar ya sami farar shaddar da na tanada don sallar Juma'a. A filin jirgi ma'aikaci ya ɗaga robar ya ce wannan ba za ta hau jirgi ba. Na ce ai rabinta ya riga ya hau, yana jikin rigata. Ya yi dariya, amma bai mayar mini ba.

A jirgi aka haɗa ni da wata dattijuwa mai tafiya Umara, a Doha za ta sauya jirgi. Tun daga tashi ta ƙanƙame hannun kujera tana salati. Da jirgin ya daidaita sai ta kwance bakin zane ta ba ni goro, ta tambaye ni ko matuƙin Musulmi ne. Na ce ban sani ba. Ta ce to Allah dai ya sa ya san hanya. Da aka kawo abinci ta buɗe, ta shinshina, ta rufe, ta turo mini nata.

Shiga ƙasar bai ba ni wahala ba. Babu mai tambayar lafiyarka, babu mai cewa "me ka kawo mana". Ka tsaya a gaban wata na'ura ta kalli ƙwayar idonka, jami'in ya buga hatimi bai ɗago ba, ya ce "yalla", wato wuce. A wurin binciken kaya ne aka tsayar da ni. Wani matashin jami'i ya zare ƙullin daddawa, ya kwance, ya kai hanci. Sai na ga ya ja da baya yana kaɗa hannu yana cewa "khalas, khalas", wato ya isa. Ya ɗaure mini da kansa, ya nuna mini ƙofa.

Mustafa ya ce abokin nasa zai zo tarbata. Ina fitowa na ji an ce, "Malam, sannu da zuwa. Ya hanya?"

Na juya. Rabi'u ne.

Sai na faɗa muku waye Rabi'u. Ɗan unguwarmu ne, gidansu yana bayan masallacinmu, ajinsu ɗaya da Mustafa tun firamare. Yaro ne mai kai, ya shiga jami'ar da nake koyarwa yana karatun lauya. Yana aji uku abokan ɗakinsa suka ɗauki wayarsa yana wanka, suka karanta saƙonnin da ke tsakaninsa da wani saurayi. Saƙonnin soyayya ne. Kafin la'asar an tara masa jama'a a ɗakin kwanan ɗalibai, aka yi masa dukan da sai da ya rasa haƙori. Makaranta ta sallame shi, ta ce don a zauna lafiya. Waɗanda suka dake shi kuwa sun gama karatunsu ba wanda ya ce musu uffan. Mahaifinsa ya ce kada a sake ambatar sunansa a gidan. Daga nan ya ɓace. Ba sashenmu ba ne, ban taɓa koyar da shi ba. Na ji labarin yadda kowa ya ji, na ce Allah ya shirya, na ci gaba da harkata.

To ga shi a gabana ya miƙo hannu. Jaka ɗaya ce a hannuna, amma sai na kama ta da hannu biyu kamar tana da nauyi. Ya ga abin da na yi. Sai ya mayar da hannun ya zama na karɓar jaka.

Jirgin ƙasa muka shiga, irin wanda ba shi da direba. Don kada a gan mu tare sai na yi gaba da sauri, na faɗa taragon da na fara samu. Kujeru masu laushi, ba kowa sai wani Bature da wasu Larabawa biyu. Har na zauna na miƙe ƙafa, sai Rabi'u ya leƙo ya ce a hankali, "Malam, nan na masu katin zinare ne. In mai duba kati ya zo tara zai ci mu." Na taso sumui-sumui na bi bayansa zuwa inda Indiyawa da 'yan Nepal ke tsaye a cunkushe.

Bin Omran, inda su Mustafa suke zaune, tsohuwar unguwa ce, ba ta yi kama da Dohar da kuke gani a hoto ba. Gidaje ne da masu su suka tashi, aka yayyanka falo da katako aka mayar da shi ɗakuna. A ƙofar kowane ɗaki takalma ne jibge. Ɗakin su Mustafa gadaje ne masu hawa biyu, kowa ya rataye zani a gefen nasa, iyakar sirrinsa ke nan. Na'urar sanyaya ɗaki tana ruri dare da rana. Na shiga banɗaki zan yi alwala na buɗe famfo, na saki ƙara, don ruwan kamar daga kan murhu aka sauke shi. Ashe tankin yana kan rufi, rana ke dafa shi. Sai an tara a bokiti ya huce. A gida mu da sanyi muke dafa ruwa, su a can shanya shi suke yi.

Mustafa ya rame. Da ya gan ni ya yi ƙoƙarin tashi ya kasa, muka riƙe hannun juna. Su huɗu ne a ɗakin. Ban da shi da Rabi'u akwai Sadisu, mai gadi ne shi ma, mutum mai yawan raha da son wa'azin waya, da wani direba da ya tafi hutu, gadonsa aka ba ni. A ɗakin da ke jikin nasu akwai Baba Alhassan, dattijo daga Zongon Kumasi, yana yi wa wani gidan Larabawa tuƙi a unguwar Madinat Khalifa. Hausarsa ta Gana ce, komai namiji ne a bakinsa: mota ya zo, matata ya kira ni. Kwana biyu ina dariya a ciki kafin kunnena ya saba.

Shef kowa yake kiran Rabi'u a gidan, domin a kicin ɗin wani otal yake aiki. Ranar da na sauka ya tuƙa tuwon semo, ya kaɗa kukar Hajiya da daddawar nan da ta kori jami'i. Har 'yan Sudan na ɗakin ƙarshe suka leƙo da kwanoni. Sauran kwanaki abincinsu kubus ne, wani faffaɗan burodi mai arha, da wake ko ƙwai, sai shayin karak mai madara da citta wanda ake miƙo wa mutum ta tagar mota in ya danna hon. Na ci tuwon nan har na yi ƙari, amma ban ce masa sannu ba.

A kwanakin farko na ga yadda jinyar take. Kafin ya tafi aiki Rabi'u zai ɗaga Mustafa ya kai shi banɗaki, ya dawo da shi, ya canja masa riga. In ya sami hutun rana zai taso daga otal a cikin wannan zafin ya zo ya ba shi abinci, don hannun dama ba ya aiki. Wata safiya na farka na ga yana goge wa Mustafa baya da jiƙaƙƙen tawul, suna hirar ƙwallo. Babu komai a wurin sai majinyaci da mai jinya. Amma zuciyata ta raya mini abin da babu shi, kuma na bar ta ta raya.

Ranar Juma'a ita ce ranar hutunsu, kamar Lahadinmu. Rabi'u ne kawai ke aiki, don otal ba ya hutu. Muka je masallaci da shaddata mai taswirar man shanu a ƙirji. Huɗuba gajeriya, ana sallamewa kowa ya nufi motarsa, babu tsayawa gaisawa a ƙofa irin namu. Muka dawo aka sayo majbus, shinkafa ce da kaza mai kayan ƙamshi, aka zuba a babban faranti a tsakiyar ɗaki. 'Yan gida da ke wasu unguwanni suka zo duba Mustafa. Ni ne baƙo, ni ne malamin jami'a, duk abin da na faɗa sai a gyaɗa kai. Daɗin hakan ya shige ni.

Ana cikin ci Sadisu ya ce, "Malam, ashe unguwarku ɗaya da Shef. Ya ce ya taɓa jami'a. Mutum mai ƙwaƙwalwa haka, me ya hana shi gamawa?"

Daga kan gado Mustafa ya ce, "Yaya, miƙo mini ruwa."

Na miƙa masa, na juyo na ce, "Ai ba bari ya yi ba. Korarsa aka yi."

"Yaya," in ji Mustafa, "ƙafar nan tana damuna, zo ka gyara mini matashi."

Na ji shi sarai, na kuma gane abin da yake nufi. Ba zan ce suɓutar baki ba ce. Ina sane na ce, "Ku dai ku riƙa lura. Da maza aka kama shi yana soyayya a waya." Na ba da labarin duka, har da haƙorin.

Wani ya ce a'uzubillahi. Sadisu ya cire hannunsa daga faranti ya dubi gadon Rabi'u kamar yau ya fara ganinsa. Baba Alhassan ya tashi bai gama ci ba, ya wanke hannu, ya fita.

Da magariba Rabi'u ya dawo ya tarar da katifarsa da akwatinsa a baranda, kwanonsa da kofinsa a kai. Bai tambayi kowa ba. Ya tsaya a bakin ƙofa ya dubi Sadisu, ya dubi Mustafa da ke kuka a kwance, sannan ya dube ni. Kallo ɗaya, ba harara a ciki. Ya ajiye ledar lemo da ya sayo wa Mustafa a kan takalma, ya sunkuya ya fara naɗe katifar.

Sadisu ya ce, "Ran Lahadi zan je otal ɗinku in sami mudir. Kafil ɗinka ma sai ya ji." Mudir shi ne manaja, kafil kuma wanda takardar zaman mutum a ƙasar take hannunsa.

A nan ne na gane ɓarnar da na yi. Ni a tunanina gulma na yi irin ta gida, a yi tsaki a watse. Na manta inda nake. A ƙasar nan magana irin wannan in ta kai ga hukuma, ɗauri ne, daga nan a sa mutum a jirgi. Kuma a mayar da shi ina? Gidan da aka hana ambatar sunansa?

Baba Alhassan ya zo ya ɗauki akwatin da kansa ya sa a mota, suka tafi.

Mustafa bai taɓa ɗaga mini murya ba tun yana yaro. Ranar ya ce, "Yaya, wa ya aike ka? Ni na san halin Rabi'u tun muna sakandare, bai taɓa yi mini kallon banza ba. Da aka kwaso ni daga asibiti ina fitsari a kwance, duk mutanen nan da ka ga suna cin shinkafa, wa ya tsaya? Shi ya wanke ni. Kai da ka zo jiya har ka sami bakin magana?"

Na ce, "Mustafa, ni yayanka ne."

Ya ce, "Shi ya sa abin ya fi ciwo." Ya juya fuskarsa bango.

Da safe jinya ta dawo kaina. Na ɗaga shi zan kai shi banɗaki, ban san ta inda ake kamawa ba. A bakin ƙofa santsi ya kwashe ni, muka zube tare. Ƙarar da ya yi har yanzu tana kunnena. Allah ya tsare ƙarfen da aka sa masa bai goce ba. 'Yan Sudan ne suka taimaka muka mayar da shi gado. Ina zaune a ƙasa da jiƙaƙƙen wando Baba Alhassan ya shigo, ya dube ni ya ce, "Malam, zo mu sha karak."

A cikin motarsa muka sha. Ya ce, "Kai ka zo kwana kaɗan, ka fasa gida. Kana tsammani ni ban sani ba? Ni tsoho ne, ina da ido. Tuntuni na gane yaro nan. Na yi shiru, don bai taɓa kowa ba, kuma ba ni ne zan yi masa hisabi ba. Mu duka a nan baƙi ne. Kowa ya bar wani abu a gida da ba ya so a tono."

Na ce, "Baba, me zan yi?"

"Baki da ya ɓata, shi zai gyara. Je ka sami Sadisu kafin Lahadi."

Tare muka same shi a wurin aikinsa, a ƙofar wani rukunin shaguna, yana tsaye cikin kakinsa yana zufa. Na yi niyyar in ce masa ƙarya na yi, amma na san ba zai yarda ba, kuma na gaji da kaina.

Ya ce, "Malam, kai da kanka ka ce mu lura. Ni ba zan kwana ɗaki ɗaya da ɗan luwaɗi ba. Haramun ne."

Na ce, "Shekarun nan da kuka yi tare, ya taɓa yi maka wani abu?"

"Bai yi ba."

"Ka taɓa ganinsa da wani abu da idonka?"

"Ban gani ba."

"Ni ma ban gani ba. Labari na ji, na zo na zubar a faranti don a ce na san abin da ba ku sani ba. In akwai wanda ya yi laifi a ɗakin nan jiya, ni ne. Kai da kake sauraron wa'azi ka fi ni sanin matsayin mai tona asirin mutum."

Baba Alhassan ya ce, "Sadisu, lokaci da ƙarambau ya kama ka, kowa ya gudu ɗaki, wa ya zauna yana shafa maka magani?"

Sadisu ya sunkuyar da kai yana wasa da igiyar usur ɗinsa. Can ya ce, "Ba zan je otal ɗin ba. Zan kuma ce wa waɗanda suka ji su kama bakinsu. Amma kada ya dawo ɗakin. Ba zan iya ba."

Iyakar abin da muka samu ke nan. Ba a kai Rabi'u ƙara ba, amma ya rasa ɗakin da ya zauna shekaru, da mutanen da suke ce masa Shef suna miƙo kwano.

Baba Alhassan ya ajiye shi a Umm Salal, a gonar maigidansa, inda wani ɗan Zongo ke kula da awaki da dabino. Wuri ne mai nisa daga otal, sai ya yi sammako ya hau mota biyu. Ana jibi zan taso na roƙi Baba ya kai ni. Muka bar benaye a baya, muka shiga fili fetal, sai katangu da kawunan dabino. Muka same shi da la'asar a ƙarƙashin rumfa yana yanka albasa. Baba ya ce zai je ya duba awaki.

Na yi sallama, ya amsa, ya turo mini kujerar roba. Duk maganar da na shirya a mota ta gudu. Na ce, "Rabi'u, na cuce ka."

Ya ci gaba da yankan albasarsa. Ya ce, "Ba ƙarya ka yi ba, Malam. Haka nake. Na yi azumi, na yi addu'a, an kai ni wurin masu ruƙiyya, an ba ni rubutu na sha. Ban zaɓa ba, ban kuma iya cirewa ba. Abin da na iya shi ne in zauna lafiya da mutane, in yi sallata, in yi aikina. A ɗakin nan na samu haka. Na ɗauka na tsira."

Na ce, "Da ka gama karatun nan da yanzu kai lauya ne."

Ya yi murmushi, gurbin haƙorin ya bayyana. "Ka san abin da na fi tunawa? Ba dukan ba. Da na kuɓuce musu na ruga cikin makaranta, jini a rigata, ina duba ofisoshin malamai. Ƙofofi a jere, wasu ma a buɗe. Na rasa wadda zan shiga in ce a taimake ni, don na san abin da za a fara tambayata." Ya ajiye wuƙar. "Malam, akwai irina a ajinka yanzu haka. Suna zaune suna rubuta abin da kake faɗa, suna jin irin barkwancin da ake yi. Ba cewa na yi ka yarda da komai ba. Amma ɗalibanka ne. Kada a dake su, kada a kore su, a bar su su gama. Shi ke nan."

Na ce, "Ka yafe mini."

Ya sake ɗaukar wuƙar. Ya ce, "Zan yi ƙoƙari. Yau dai ban iya ba." Sannan ya ce, "Mustafa fa? Wa yake ɗaga shi?"

Na ce ni ne, kuma na kayar da shi sau ɗaya. Ya ce in Sadisu yana aikin rana zai riƙa leƙawa. Da za mu tafi na miƙa masa hannu. Ya duba tafinsa ya ce da albasa a jiki. Na ce ba komai. Ya ba ni.

Na tambaye shi ko yana da saƙo gida. Ya ce babu. Amma ranar tafiyata, a filin jirgi, Baba Alhassan ya ciro wata leda daga but ya ce, "Yaro ya ce a ba mamansa, in zai yiwu." Mayafi ne ruwan toka da kwalbar turare.

Mustafa ya yi mini sallama, amma ba kamar da ba. Yanzu yana takawa da sanda. Muna waya, sai dai gajeriya.

Da aka koma karatu na faɗa wa kowane aji da nake shiga cewa ofishina a buɗe yake ga duk ɗalibin da ake tsangwama, ko a kan mene ne, kuma ba zan fara da tambayar me ya yi ba. A taron sashe na kawo shawarar cewa duk wanda ya ɗauki wayar wani ya tona, ko ya tara jama'a a daki ɗalibi, shi ya kamata ya fuskanci kwamiti, ba wanda aka daka ba. Wani ya ce Malam Auwalu ya je Doha ya dawo da aƙidar Turawa. Aka yi dariya. Na ce a Doha ban ga Turawan ba, 'yan unguwarmu na gani. Ba a karɓi shawarar ba, an ce a sake kawowa. Zan sake kawowa.

Ledar nan kuwa ta yi kwanaki a ɗakina ina kewaye ta. Ran nan bayan la'asar na ɗauka na nufi bayan masallaci. Mahaifin Rabi'u yana zaune a bakin zaure da abokansa biyu, ya miƙe ƙafafu a ƙofa. Na durƙusa na gaishe su. Suka yi mini barka da dawowa, suka tambayi jikin Mustafa.

Na ce, "Da sauƙi, Baba. Saƙon Rabi'u na kawo wa Inna."

Abokan suka dubi ƙasa. Tsohon ya ce, "Ba mu san mai wannan sunan ba."

Na ce, "Ni na san shi, Baba. Shi ya yi jinyar ƙanena lokacin da ba ya iya tashi. Ba don shi ba da ban san halin da zan tarar da Mustafa ba."

Ya ci gaba da jan carbinsa yana kallon titi. Bai ce in shiga ba, bai ce in koma ba. Can sai ya janye ƙafafunsa daga bakin ƙofar.

Inna tana tsaye a bayan zauren, ashe duk ta ji. Ta karɓi ledar da hannu biyu, ta zaro mayafin ta kai fuskarta, ta daɗe a haka. Sannan ta fara tambaya da ƙaramar murya, kamar mai tsoron bango ya ji. Ya rame? Yana cin abinci? Yana sallah? Na ce bai rame ba, yana ci, yana sallah.

Ta ce, "Yana da wurin kwana mai kyau dai ko? Yana cikin mutane?"

Na buɗe baki zan ce e. Sai na ce, "Da yana da shi, Inna. Kafin in je."

Ta sauke mayafin ta dube ni. Ta jawo kujera 'yar tsugunno ta ajiye a gabana, ta ce, "Zauna, Auwalu. Faɗa mini tun daga farko."